Kafin Ku Dangwala, Ku Dubi Sawunsa

Iyayena dattawa, malamai, iyaye mata da ke saurare daga bayan danga, samari da 'yan mata, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri. Wanda wannan takarda ta faɗo hannunsa kuma ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

Ni dai malamin makaranta ne kafin jam'iyya ta ɗora mini wannan aiki. Shekara biyar ina riƙe da alli a firamare ta ƙauye, saboda haka in kun ji maganata ta yi kama da darasi, ku yi mini uzuri, hali zanen dutse ne.

To, mafarauci in ya shiga daji ba ya tambayar dabba sunanta. Ƙasa yake dubawa. Sawu shi ke gaya masa ko barewa ce ta wuce ko kura, ko da safe ta wuce ko da dare. Ga shi zaɓe ya matso, motoci sun fara shigowa da lasifika, kowa ya zo sai ya ce shi ne mai ƙaunar talaka. Baki ba ya gajiya da faɗi. Abin da nake roƙonku shi ne ku yi irin ta mafarauci. Don ku san irin sawun da ake nema, bari in ba ku labarin waɗansu mutane da suka riga mu, waɗanda aikinsu ya ƙare, ba su neman ƙuri'ar kowa a yau.

Mu fara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya ji ƙansa. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi, kuma ba ɗan sarki ba ne. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta. A 1945 aka tura shi Landan ƙaro ilmin koyarwa. Wato ya fi shekara goma yana fama da yara da allo kafin kowa ya kira shi Honorabul. A 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya ce a gyara mulkin En'e, a riƙa jin ta bakin talaka, a lokacin da faɗin haka ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Ya zama Firayim Minista a 1957, ya riƙe har aka kashe shi a Janairun 1966. Ku je Bauchi ku tambayi dattawa ina benayen da ya bari. Kabarinsa za su nuna muku.

Ga tambayata: wa ya ciyar da wannan yaro a makaranta? Abinci da wurin kwana da albashin malaman Midil daga baitulmali suke fitowa. Baitulmali kuwa mene ne in ba harajin kakanninku da jangalin shanunsu ba? Mutumin da ya sayar da damin gero ya biya haraji, bai san baƙi ba bai san fari ba, shi ya yi wa Firayim Minista karatu. Wannan bashi ne. Kowane mai takardar shaida da kuka gani yana yawo a ƙasar nan, har ni da ke magana, akwai bashinku a wuyansa. Bambancin kawai, wani ya tuna, wani ya manta.

Malam Aminu Kano ya tuna. Shi ma malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi, ya koyar a Maru ta ƙasar Zamfara, a 1950 ya ajiye aikin albashi ya shiga gwagwarmayar NEPU. Ya zauna a majalisar tarayya, ya riƙe ma'aikatu a zamanin Gowon, amma da ya rasu a 1983, a gidansa na Gwammaja ya rasu, gidan da mai talla da ɗan dako ke shiga ba shamaki. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ita ko karatun boko ma ba ta yi nisa ba. An ɗaure ta sau da yawa, an doke ta, a kan gwagwarmayarta, ciki har da neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a. Ba a bari ba sai a 1976. Iyayena mata, katin nan da ke ƙulle a bakin zanenku, da jikin wata aka saye shi.

Sai mu zo ga soja. Nan zan yi a hankali, domin akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu a cikin kaki, waɗansu suna daji yanzu haka saboda mu kwana lafiya. Birgediya Zakariya Maimalari ɗan ƙauye ne daga tsohuwar lardin Borno. Yana cikin 'yan Nijeriya na farko da suka shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya hau mataki bayan mataki, har ya riƙe birged ta biyu a Ikko. Bai taɓa neman kujerar mulki ba. A daren 15 ga Janairu, 1966, ƙananan hafsoshi suka harbe shi, tare da Kanar Kur Muhammadu da Abogo Largema da Yakubu Pam da waɗansu manyan hafsoshi daga kudu, a daren da aka kashe Sardauna a Kaduna. Daga wannan dare aka kulle akwatin zaɓe sai 1979, a tsakani kuma aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Aka sake kulle shi a ƙarshen 1983, ba a ga mulkin farar hula sosai ba sai 1999. Ku haɗa lissafi, kusan shekara 29 ke nan ana mulkin soja.

Na san wani zai ce, to ai Murtala ma soja ne. Gaskiya ne, kuma mutane ba su yi kuskure ba da suka ƙaunace shi. Ya hau a Yulin 1975, aka kashe shi ran 13 ga Fabrairu, 1976, wata shida da 'yan kwanaki. A ɗan wannan lokaci ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya sa aka zaɓi Abuja, ya kori dubban ma'aikata, ko da yake a cikin korar an haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma ni a ganina babban aikinsa shi ne da ya tsai da ranar da soja za su koma bariki, 1 ga Oktoba, 1979, wadda Obasanjo ya cika bayansa. Shi da kansa ya san bindiga ta tsaron iyaka ce, kujera kuwa taku ce ku bai wa wanda kuka ga dama.

Yanzu ga inda na fi so ku kasa kunne, musamman masu 'ya'ya mata. Akwai wata mace Bayarabiya 'yar Ikko, Kofoworola Abeni Pratt. Tun tana yarinya take son aikin jinya, mahaifinta ya hana, don a lokacin ana ganin aikin ƙasƙanci ne. Sai ta yi koyarwa a makarantar 'yan mata. Bayan ta yi aure, har da haihuwa, a 1946 ta shiga makarantar jinya ta asibitin St Thomas a Landan, tana da shekara talatin da 'yan kai. Da ta dawo gida a 1954 ta kama aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, aka ƙi ba ta muƙamin da ta cancanta da farko, wai na Turawa ne. Ba ta yi zuciya ta tafi ba. A 1964 ita ce 'yar ƙasa ta farko da ta zama shugabar ma'aikatan jinya na wannan asibiti, daga nan ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa baki ɗaya, a 1973 kuma kwamishinar lafiya ta jihar Legas. Da ta ji maganar masu cewa ba aikin 'yar mutunci ba ne, wa zai horar da ɗimbin nas-nas da suka bi ta hannunta?

Na kawo labarinta ne saboda abin da na gani da idona. A garin da na koyar akwai ɗakin shan magani, gini mai kyau da kwano, amma a kulle, awaki ne ke kwana a barandarsa. Wata damina matar maƙwabcina ta shiga naƙuda da dare, abu ya ƙi. Mata suka yi iya yinsu. Aka ɗora ta a amalanke, don mota ba ta shiga in rafi ya kawo, kafin a kai bakin titi rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma da safe na shiga aji shida, na dubi yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajin, har da mazan, na san a shekarar za a cire ta. Na ce a raina, ga ungozomar garin nan zaune a kan buhu, kuma ba wanda zai aika ta koyo. Mu ne ba ma son namiji ya duba mana iyali, kuma mu ne ba ma barin mace ta yi karatun. To wa zai duba su? Aljani?

Ba sai mun je Ikko neman misali ba. Dokta Barau Dikko na Wusasa shi ne likitan farko daga Arewa, kuma shi ya fara shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, sa'an nan ya zama ministan harkokin waje a 1979. Duk sai da suka yi jinyar mutane da hannunsu kafin su nemi shugabanci.

Masu binciken kimiyya su ne ba a yi musu kiɗa, ba a yi musu kirari, amma kowa ya ci moriyarsu. Ni ban taɓa ganin ciwon agana ba, sai zanensa a fuskar kakata. Dattawan da ke nan sun san yadda yake shiga gari ya kwashe yara, wanda ya tsira ya bar shi da zane ko makanta. Masu lamba suka bi ƙauye ƙauye da rani da damina, a 1970 aka ga na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka shelanta ya ƙare a duniya. Ku dubi dantsen duk wanda ya haura sittin, galibi za ku ga tabon.

'Yan'uwana Fulani kuma ku tuna da bushiya, wadda ke share garke cikin 'yan kwanaki. Wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, wanda ya yi 'yan shekaru a ɗakin binciken Vom kusa da Jos kafin ya koma Kenya, shi ya haɗa allurar da in an yi wa saniya sau ɗaya ta warke da tsoron cutar har abada. A 1962 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka haɗa kai suka fara yi wa shanu rigakafi. Cuta ta yi sauƙi. Da ta yi sauƙi sai hukumomi suka yi sake, aka daina bin 'yan maruƙan da ake haifa. A wajen 1983 bushiya ta dawo, ta yi wa makiyayan Arewa ɓarnar da har yau tsofaffi ba su manta ba. Maganin yana nan, ilmin yana nan, mai kula ne babu. Sai da aka sake ɗaura ɗamara, ba a shelanta ƙarewarta a duniya ba sai 2011. Kun ga ke nan, masani ya gama nasa, amma ko allura za ta iso rugarku ko ba za ta iso ba, wannan yana hannun wanda kuka zaɓa.

Saboda haka duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku ba shi tabarma, ku ba shi ruwa, don baƙo ne, sa'an nan ku tambaye shi: kafin siyasa mene ne aikinka? Wa ya amfana da shi? A ina 'ya'yanka ke karatu, kuma in matarka za ta haihu ina kake kai ta? Ban ce ku ɗauke wa ɗan takararmu ba. Shi za ku fara yi wa, a gabana, in ya yi in-ina ku gaya mini a bainar jama'a.

Abin da jam'iyyarmu ta ɗauki alkawari a wannan mazaɓa kaɗan ne, don mu iya cikawa ku kuma ku iya ƙirgawa. Kowace gunduma za ta fitar da 'yan mata da suka gama sakandare, da yardar iyayensu ko mazajensu, a biya musu kuɗin makarantar jinya da ungozoma, bisa sharaɗin in sun gama su dawo garinsu su yi aiki. Ba za mu gina sabon ɗakin shan magani ba sai mun buɗe na kulle, mun sa ma'aikaci da ke kwana a garin. Malamin dabbobi kuma zai riƙa zagaya ruga da mashaya kafin faɗuwar damina. Ku adana wannan takarda a cikin adaka, ranar da muka saɓa ku fito da ita.

Maganar taliya da sabulu da atamfa da za a raba daren zaɓe, na san za a raba, kuma na san halin da ake ciki, ba zan yi wa mai yunwa wa'azi ba. Sai dai ku tuna, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin nan kuwa na shekara huɗu ne. A cikin rumfar zaɓe ba mai ganin yatsanku sai Allah.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya duba katinsa tun yau, ya tabbata ya san rumfarsa. Kada ku ba kowa katinku ya riƙe muku, ko da ya ce daga wurinmu yake. Ranar zaɓe a fito da sassafe, maigida ya fito da iyalinsa, a taimaki tsofaffi da makafi. In an gama jefawa kada a watse, a tsaya cikin lumana har a ƙirga a gabanku a faɗi sakamako. Wakilanmu za su zo ranar kasuwa bayan La'asar, mai tambaya ya tanadi tambayarsa, masu 'yan matan da suka gama sakandare kuma su zo da sunayensu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.