Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Zaɓen Ƙasar Rogo da Doya

Idan talaka ya nemi fili don rogo ko doya, ya kamata a dubi cikin ƙasar kafin dagaci ya yanka masa, gama abincin nan a ƙarƙashi yake girma. Gero yakan nuna lalacewarsa tun yana tsaye, amma mai rogo sai ya yi jiran wata 9 ko 12, ya haƙa, sa'an nan ya san ya yi hasara.

Ga yadda ake dubawa. Bayan an yi ruwa mai yawa, a haƙa rami mai zurfin ƙafa 2. In fartanya ta ci karo da marmara ko tsakuwa tun ba a kai rabi ba, saiwa ba za ta sami wurin kumbura ba. In kuwa an dawo washegari aka tarar ruwa na kwance a ramin, rogo da doya duka ruɓewa za su yi. Wannan wuri na makani ne da gwaza, waɗanda ke son damshin fadama.

Sa'an nan a ɗebi ƙasar da aka tono, a jiƙa, a murza a tafin hannu. Wadda ta warwatse rairayi ce, wadda ta miƙe kamar igiya har aka lanƙwasa ba ta tsage ba laka ce. Ta tsakani, mai dunƙulewa amma ta karye in an lanƙwasa, ita ake nema.

Doya sarauniya ce, ba ta yarda da gajiyayyar ƙasa. Tana son sabon saure mai zurfi da manyan kunyoyi, shi ya sa ta fi albarka a ƙasashen Binuwai da Neja. Inda gamba ta yi tsawo, da alamar ƙarfi. Inda tofa ko wuta-wuta suka mamaye, ƙasa ta gaji, sai rogo, mai haƙuri da jigawa da fari. Amma kada haƙurinsa ya ruɗi kowa: shi ma yana tsotse ƙasa, sai an taimaka da toka da taki, an kuma bi shi da gyaɗa ko wake.

Malamin hakimi ya rubuta sunan wurin, da zurfin da aka samu, da kwanakin da ruwa ya yi a rami, ya nuna wa malamin gona tun dagaci bai kafa iyaka ba.