Da babu tsufa, wa zai hau gadar Kennedy?

 

A 2013 kamfanin Google ya kafa Calico a Amurka, aikinsa binciken maganin tsufa. Har yau ba a tabbatar da wanda ya wuce Jeanne Calment daɗewa ba, Bafaranshiyar da ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Mu mun san mutuwa rigar kowa ce. Amma mu ƙaddara sun dace, tsufa ya daina kisa. Ya zuciyarmu za ta koma?

Ku lura, maganin tsufa ba ya hana haɗarin mota, ba ya tare harsashi. Yau matashin da ya faɗi a fagen gwagwarmaya shekara arba'in ko hamsin ya rasa. Wanda ba ya tsufa kuwa, abin da zai rasa ba shi da iyaka. Ni ina jin kabu-kabu ma ba zai hau ba.

Ta wajen neman kuɗi da karatu kam, ƙila ya fi mu kasada. In jarinsa ya karye, yana da lokacin sake tarawa. In ya faɗi jarrabawa sau goma, ba abin da ke korar shi. Amma inda rai ne a kan faifai, zai ja baya.

Ga abin da ke damuna. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka hau gadar Kennedy a Yamai, aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. A 1991 aka zauna babban taron ƙasa. Da an yi wa ɗaliban nan alkawarin shekara dubu, kuna jin za su fito? Ai cewa za su yi a bari sai gobe, tunda gobe ba ta ƙarewa. Mai mulki kuma yana nan daram, babu tsufan da zai sauke shi.

Ban ce ku jefa kanku cikin halaka ba, wallahi. Rai amana ne. Amma mu da kwananmu ƙidayayye ne, me ya sa muke ɗage faɗin gaskiya kamar waɗanda aka ba shekara dubu? Maganar da kake ta ajewa a unguwarku, ka faɗe ta wannan mako.