Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki



'Ya'yana, ranar da kuka zo neman shiga makarantar nan an tambayi kowannenku ko yana da kira, kowa ya ce yana da shi. Mun yarda da ku. Amma gwajin wannan magana yana cikin takardar da za ta iske ku ba da jimawa ba, wadda za ta faɗi inda ikilisiya ta tura ku. Wani zai ga sunan babban gari. Da yawanku za ku ga sunan ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, inda masu bi ba su cika benci biyar ba, baikonsu kuma kwanon dawa ne da 'yan ƙwai. A ranar ce za ku amsa kiran da gaske. Ina roƙonku, kada wani ya bi dare zuwa gidan wani babba don a sauya masa wuri. Wannan ɗabi'a ta fara yawa a cikinmu, kuma tana ɓata mana aiki.

Ku tuna tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. A watan Maris na 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a Garkida, a gindin tsamiya, babu majami'a, babu ko rumfa. Shekara na zagayowa matar Kulp, Ruth, ta rasu tare da jaririnsu. Da ya tattara kayansa ya koma Amurka babu mai ganin laifinsa. Ya ci gaba da aikin har tsufa ya cim masa.

Kada ku ce wannan labarin Turawan da ne. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatarmu da ke Kwarhi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos. Fastoci da yawa sun bi garkensu zuwa duwatsu da sansanonin gudun hijira, suna yi musu wa'azi a fili, suna binne matattunsu. A watan Janairu na 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi a Michika. Duniya ta ga bidiyonsa yana hannun masu kisa, yana magana a natse, yana miƙa al'amarinsa ga Allah. Cikin watan nan aka kashe shi. Irin takardar da za ta iske ku ita ce ya taɓa riƙewa. Ba na yi wa ɗayanku fatan wannan ƙoƙo, Allah ya tsare ku. Amma zalunci ne mu ɗora muku hannu ba mu gaya muku abin da aikin yake ci ba.

Yawancinku dai gwajinku mai sanyi ne, mai tsawo: albashin da ke makara, dattijon da ke ganin ku yara ne, ziyarar marasa lafiya a kan keke. Ku riƙe fartanya ba tare da kunya ba, Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Biriskilla. Ku koyi harshen mutanen da aka ba ku. Ku gai da liman da mai unguwa tun makon farko, domin maƙwabtanku ne, su ne za ku fara gani a ƙofarku ranar wuya.

Ku kuma matan fastoci, uwayenmu na gobe, rabin kayan nan a kanku yake, kuma kiran naku ne kamar yadda yake nasu. Ikilisiyoyin da za su karɓe su, ku biya haƙƙinsu a kan lokaci.

Yanzu ina roƙon ɗaliban su matso gaba tare da iyalansu, iyayenmu rabaran-rabaran kuma su taso mu yi musu addu'a.