Auna Yayyafi: Sifilin Na'ura Ba Shaidar Rashin Ruwa Ba Ne

Jawabin da kwamitin ilimi na reshe ya gabatar wa malamai gabanin faɗuwar damina

 

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan auna yayyafi. A 'yan shekarun nan ƙananan na'urorin lura da yanayi sun shigo hannun jama'a. Wasu makarantu sun samu, wasu daga cikinmu kuma sun saya sun kafa a gida, musamman masu koyar da Labarin Ƙasa da masu taɓa noma. Kukan da aka fi yi da su guda ɗaya ne. Za a yi yayyafi har tsakar gida ta jiƙe, a kwashe shanya a guje, amma allon na'ura yana nuna sifili. Sai mai ita ya ce ta lalace, ko ya ce an sayar masa da jabu. Galibi lafiyarta ƙalau. Yadda aka ƙera ta ne ya sa ɗan ƙaramin ruwa yake kuɓuce mata, kuma wanda ya san dalilin haka shi zai iya riƙe lissafin da za a dogara da shi.

Bari mu fara da ma'anar awon. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin zurfin da ruwan zai yi a kan shimfiɗaɗɗen wuri da a ce bai gangara ba, bai nutse ba, bai kuma ƙafe ba. Wannan daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. A gona mai faɗin hekta ɗaya lita 10,000 ke nan, wato jarka 400 mai cin lita 25. Ashe abin da ido ke rainawa yana da yawa idan an tara shi, kamar yadda magabata suka ce, da yayyafi kogi kan cika. Masana yanayi suna kiran ruwa mai sauƙi idan bai kai milimita 2.5 a cikin awa guda ba. A irin wannan ruwa ne na'urorin gida suka fi yin tuntuɓe.

Auna ruwan sama tsohon aiki ne. Tun a shekarar 1441, a zamanin Sarki Sejong, ƙasar Koriya ta ƙera ma'auni na bai-ɗaya, aka kuma rarraba shi cikin larduna. Dabarar da ke cikin yawancin na'urorin gida na yau ta samo asali ne daga Ingila, inda Christopher Wren ya ƙirƙiro ta wajen shekarar 1662. Ga yadda take aiki. A sama akwai mazurari mai tara ruwa. A ƙarƙashinsa akwai ɗan kwano mai ɗaki biyu, an ɗora shi a tsakiya kamar sikeli. Ruwa yana ɗiga cikin ɗaki ɗaya har ya yi nauyi, sai kwanon ya rinjaya ya zubar, ɗaya ɗakin ya taso ya karɓi ɗigon. Duk lokacin da ya rinjaya, wani ɗan maganaɗisu yana gifta makunni, na'ura ta ƙirga ɗaya. A masu inganci kowace rinjaya milimita 0.2 ce, a masu araha kuwa takan kai wajen 0.3. Saboda haka na'urar ba ta san ana ruwa ba sai kwanon ya rinjaya. Duk abin da bai kai cikar ɗaki guda ba, a wurinta sifili ne.

Kafin ɗakin ya cika ma akwai masu cin rabonsu. Mazurarin da ya sha ƙurar hunturu da ta bazara sai ya jiƙe tukuna kafin ya saki ɗigo na farko, kuma ƙananan ɗigo sukan manne a jikinsa su bushe a nan. Zafi ma yana ɗaukar nasa, domin mazurarin roba da ya wuni a ranar watan Afrilu ko Mayu yana ƙafar da yayyafi kusan da saukarsa, haka nan ɗan abin da ya taru a kwanon yakan ƙafe kafin wani ruwan ya zo ya cika shi. Iska kuma tana kaɗa ƙananan ɗigo su tsallake bakin mazurari, kuma abin yana ƙaruwa gwargwadon tsawon sandar da aka ɗora na'urar a kai, shi ya sa wadda aka kafa a kan rufin ɗaki take samun ƙasa da abin da ya sauka a tsakar gida. Sai kuma toshewa: ganyen darbejiya, kashin tsuntsu, ginin zanzaro a maƙogwaron mazurari, ko saƙar gizo da ta ɗaure kwanon ta hana shi motsi.

Kuskuren yakan zo ta ɗaya ɓangaren ma. Idan ragowar ruwan jiya ya kwana a kwanon, raɓar asuba tana iya cika shi ya rinjaya, na'ura ta rubuta ruwa a ranar da ko ɗigo bai sauka ba. Idan sandar tana rawa, guguwar da ke gaban hadari tana iya girgiza kwanon ya ƙirga ruwan da babu shi. Wanda ya kwafi lambar allo ba tare da ya ɗaga kai ya dubi sama da ƙasa ba, zai cika littafinsa da irin waɗannan.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan rabin milimita? Amsar tana gona. Mafi yawanmu 'ya'yan manoma ne, da yawanmu kuma da amfanin gona muke cike giɓin albashi. Mun san abin da ruwan farko yake yi wa mai gaggawa. Za a yi ɗan ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi, a fita da iri, ko kuma wanda aka yi binne ya tsiro, sannan sama ta ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone, a koma neman wani irin da tsada. A bazara rana da iska suna iya ɗauke fiye da milimita 5 daga jiƙaƙƙiyar ƙasa a yini guda, don haka yayyafin milimita 2 ƙura kawai ya kashe, bai kai ga saiwa ba.

Masana sun yi ƙoƙarin sa wa wannan al'amari ƙa'ida. A shekarar 1988 wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya bayyana faɗuwar damina a yankinmu da cewa ita ce ranar da, bayan 1 ga Mayu, ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma ba a samu ɗaukewar ruwa fiye da kwana 7 ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ku lura da sharaɗi na biyu. Kafin a ƙirga kwanakin ɗaukewa sai an san wace rana ce busasshiya, kuma da yawa daga masana suna ɗaukar ranar da ruwanta bai kai milimita 1 ba a matsayin busasshiya. To, ranar da aka yi milimita 1.2 amma na'ura ta rubuta 0.8, ta koma busasshiya a takarda. Ɗan wannan bambanci yana iya sauya hukuncin da za a yanke wa shekara guda. Ƙa'idar ba ta faɗin gobe, domin sai kwana 30 sun wuce ake tabbatar da ita. Amfaninta yana fitowa ne idan an tara lissafin shekaru, a ga sau nawa ruwan farkon Mayu ya yaudari garinmu, kuma daga wane mako ne shuka ta fi tsira.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ita ma tana yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki. Sai dai tashoshin awo ba su kai kowane ƙauye ba, ruwanmu kuwa na hadari ne, yakan sauka a wannan unguwa ya bar waccan. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun kafa ma'aunai kimanin 100 a kewayen Yamai, suka tabbatar da cewa wurare masu tazarar kilomita kaɗan suna iya bambanta ƙwarai a ruwan damina guda. Makaranta kuwa tana nan a kusan kowane gari, da fili, da mai ilimin rubutu da lissafi. Wannan ne ya sa shirin TAHMO, mai kafa tashoshin yanayi a Afirka, yake ajiye da yawa daga cikinsu a harabar makarantu.

Ga abin da muke ba da shawara. Duk mai na'ura ya ajiye ma'aunin hannu kusa da ita, wanda kuma ba shi da na'ura, ma'aunin hannu ya ishe shi. Sirrinsa shi ne faffaɗan baki da siririn bututun awo. Idan faɗin filin bututun kashi ɗaya cikin goma ne na bakin mazurari, ruwan milimita 1 zai tsaya santimita 1, yaro ɗan aji huɗu ma zai karanta. Inda babu bututun, sirinji da lissafi sun wadatar. Mazurarin da bakinsa ya kai santimita 20 daga gefe zuwa gefe yana da fili na murabba'in santimita 314, don haka kowace milimita 1 tana tara mililita 31.4. A zuƙe abin da ya taru da sirinji, a raba da 31.4, amsa ta fito. Darasin da'ira ke nan ya bar allo ya sauko tsakar makaranta.

A kafa ma'auni a fili, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsawonsu, bakinsa a daidaice ba karkace ba, sandarsa kuma a kafe ta da kyau. Kafin damina a wanke mazurari da kwanon na'ura, a duba su kowane mako. A gwada na'urar ta hanyar ɗiga mata ruwan da aka auna da sirinji a hankali, ana ƙirga rinjayar kwanon, a ga ko ta yi daidai da lissafin faɗin bakinta. A riƙa karanta ma'aunin hannu a lokaci guda kowace safiya, idan kuwa yayyafi ne da rana tsaka, a auna shi da zarar ya tsaya kafin ya ƙafe, a haɗa da na safiya.

Abu mafi muhimmanci shi ne yadda ake rubutawa, kuma a nan babu wanda ya fi malami sani. Mun san cewa a rajistar aji, yaron da bai zo ba daban, ranar da ba a kira suna ba daban. Haka littafin ruwa yake, alamu uku yake bukata. Sifili na ranar da aka duba aka tabbatar ba a yi ruwa ba. Alamar “ɗigo” ta ranar da aka ga ruwa da ido amma bai kai a auna ba, kuma ma'aikatan yanayi a ko'ina suna da irin wannan alama. Sai jan layi na ranar da ba a duba ba. Kada a taɓa cike ranar da ba a duba ba da sifili, domin wanda zai karanta littafin bayan shekara goma zai ɗauke ta fari ne. Idan ruwan Asabar da Lahadi ya taru aka auna ran Litinin, a rubuta cewa na kwana uku ne.

Akwai matsala guda da ta shafe mu kai tsaye. Dogon hutu yana faɗawa ne a watan Agusta, tsakiyar marka, lokacin da littafin ya fi bukatar hannu. Muna roƙon shugabannin makarantu su tsara tun yanzu wanda zai riƙe shi, ko malamin da ke zaune a garin, ko manyan ɗalibai biyu na kusa, ko maigadin makaranta idan an nuna masa. Muna kuma roƙon reshe ya karɓi kwafin littafin kowace makaranta a ƙarshen Oktoba, a buga jimillar a wannan mujalla tamu, kowa ya ga na maƙwabcinsa. Littafin shekara ɗaya labari ne kawai, amma na shekara goma zai iya gaya wa manomin garinmu makon da ya kamata ya buɗe buhun irinsa.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.