Littafina mai baki biyu

 

Da aka ce ni zan yi maganar godiya a wannan biki, na ce to, amma daga takarda zan karanta, don da hannuna na rubuta ta. Shekara huɗu baya, in aka miƙo mini rajistar ƙungiya, babban yatsa nake dangwalawa. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci tana nan zaune, ita ta san wuyar da ta sha kafin in daina mayar da "b" ta koma "d". Malama, Allah ya saka.

Kun san sana'ata: tumatir, attaruhu da kabeji a kasuwar Farin Gada. Kayan gwari ba ya jiran kowa. Kwandon da kika sara da asuba, in ya yi kwantai kwana biyu, ruwa zai fara. Da na iya rubutu, sai na sayi littafi irin na 'yan firamare, ina rubuta masu cin bashina. Kowane dare in buɗe, in ƙirga, raina ya ɓaci. Har addu'ata ta koma kai ƙara.

Sai ga canjin kuɗi na farkon 2023. Ai ba sai na tuna muku ba. Mai saye yana tsaye, kuɗin hannu babu, a yi tiransifa ta maƙale. A mako guda na zubar da kwando uku, ga kuɗin makarantar 'yata a wuyana. Ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba, akwai Lahadin da na je sujada, ana waƙa, bakina a rufe.

A makon nan ne na zauna da Littafi Mai Tsarki, ina bi da yatsa a hankali, na karanta Fitowa sura 16 da kaina. Labarin manna ne. Kowace safiya Isra'ilawa su tattara na yini ɗaya. Wanda ya ɓoye don gobe, sai ya tarar ya yi tsutsa yana wari. Ranar shida kaɗai ake ɗibar na kwana biyu saboda Asabar. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe kayan gwari Allah ya ciyar da su da shi har shekara 40! Ni kuwa kullum ina cin nawa rabon, ban taɓa rubuta shi ba, sai abin da ya ɓace.

Daren nan na juya littafin, na fara daga shafin baya. Ba manyan abubuwa ba ne fa. An sayar, an ci tuwo. Mota ta kai ni ta dawo da ni lafiya. Zazzaɓin autana ya sauka. Wata da na cire rai da ita ta kawo rabin bashi. Akwai layi ɗaya da na ja wa ƙasa sau biyu: ranar da wata 'yar'uwa a nan, wadda ta hana ni faɗin sunanta, ta bar mini kwasarta ta adashe, ta koma ƙarshen layi, har 'yata ta rubuta jarrabawa. Ita ma fa tana da nata yaran.

Ban ce godiya ta sauke farashi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota yake cinye riba, masu bashi kuma suna nan a shafin gaba, wasunsu ma ina ganinsu a ɗakin nan. Ku yi dariya, amma ku biya!

Jiya na ƙirga. Bashi ya ci shafi 11, godiya ta ci 23, sun kusa haɗuwa a tsakiya. Mama shugaba, in an raba ribar bana, sabon littafi zan fara saya.