’Yan Kwana-kwana da Aiki Cikin Tsawa

 

Yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba. Maganar ’yan kwana-kwana ce, waɗanda mazanmu ne kuma ’ya’yanmu.

Gobara kan tashi ana tsaka da hadari, mota ta zo, a kafa tsani, sai shugabansu ya ce kowa ya sauko. Nan take unguwa ta ɗauki ihu wai sun tsorata, har yara su fara jifa. Wallahi ba tsoro ba ne. Tsanin nan ƙarfe ne, wanda ke kansa ya fi komai tsayi a wurin, ga jiƙaƙƙiyar mesa a hannunsa. Aradu kuwa ta fi faɗa wa abu mai tsayi. Rigarsa don zafin wuta aka yi ta, ba ta tare aradu, haka ma takalmin roba. Ga wayoyin lantarki da iska ke tsinkewa su faɗa cikin ruwan da ya kwanta.

Akwai lissafi mai sauƙi. Ƙarar tsawa na cin kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. In kika ga walƙiya, kika ƙirga ba ki kai 30 ba kika ji ƙara, to abin bai wuce kilomita 10 da ke ba. Shawarar masana ita ce a fake, sai an yi minti 30 da tsawa ta ƙarshe. Ke mai fita kwashe shanya, har da ke nake!

Amma ɗan kwana-kwana ba kullum zai iya jira ba, wani lokaci akwai rai a cikin ɗakin. Shi ya sa ake buƙatar ƙa’ida a rubuce: wa ke da ikon cewa a sauke tsani, yaushe za a ci gaba da feshi daga ƙasa, yaushe za a koma cikin mota. In babu ita, shugaba ya ji ihun jama’a, sai ya tura ɗan wata sama.

Don haka shugabannin mata na mazaɓu, in kun zauna da ’yan majalisarmu ku tambaye su ko akwai wannan ƙa’ida, kuma nawa aka ware wa horo da kayan aiki a kasafin bana. Ku kawo mana amsa a taro na gaba. A gida kuma a ja wa samarinmu kunne kan jifan nan. In gobara ta tashi, a kira 112.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. A tura wa sauran ’yan’uwa.