Fuskar da ke kan kwali: tsofaffin jaruman fim mata da haƙƙinsu a kanmu

Laccar da aka gabatar a garin Nguru a gaban malamai, ɗalibai da dattawan gari

 

An nemi in yi magana a kan matan da suka yi fim a zamanin farko, irin rayuwar da suka yi da yadda sana'ar ta kaya da su. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ga ambaliya, ga ciwon ƙoda da ya addabi yankinmu, ga matasa ba aikin yi, a rasa abin tattaunawa sai 'yan fim? Ina ganin girman wannan tunani. Amma maganar da na zo da ita maganar haƙƙi ce, haƙƙin ma'aikaciyar da ta yi aiki aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta. Mu mutanen nan kuwa muna cikin waɗanda suka ci moriyar.

Nguru gari ne na ƙarshen layin dogo. Tun da jirgin ƙasa ya iso nan daga Kano a 1930, gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama suke tafiya, kayan Kano suna dawowa. Shekara sittin bayan haka wani sabon kaya ya shigo cikin lodin motocin Kano, wato kaset ɗin bidiyo. Ya shiga gidan Bamange, ya shiga gidan Babade da na Bafulatani da na Bahaushe. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya san yadda ake yi: gida ɗaya a layi ke da bidiyo da janareto, bayan sallar isha'i matan maƙwabta su hallara da goyonsu, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara su yi tsit don kada a kore su. Matar da ba ta taɓa taka Kano ba ta san Hausar Kano da ɗaurin ɗankwalin Kano daga bakin waɗannan jarumai da kawunansu.

Kafin su, taurarin da ƙasar Hausa ta sani 'yan Indiya ne. Gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950, kuma da tafiya ta yi tafiya finafinan Indiya suka mamaye allunansu. Nargis ta fim ɗin Mother India na 1957 ta sa maza masu gemu zubar da hawaye. Meena Kumari ta rasu a 1972 tana da shekara 38, makonni kaɗan bayan fitowar Pakeezah, fim ɗin da aka shafe fiye da shekara goma ana yin sa. Sai dai macen kirki ba ta zuwa silima a wancan lokaci, wadda aka gani a can an gama yanke mata hukunci. Sai da talabijin da bidiyo suka shigo ɗaki sannan matan aure suka samu kallo. To ku duba: idan zama a kujerar silima kawai ya isa ya ɓata sunan mace, ina ga wadda ta tsaya gaban kyamara?

Amsar wannan tambaya tana Yamai, wurin maƙwabtanmu. A 1966 Mustafa Alhassan ya yi wani fim na kaboyi a Nijar, ya sa wata yarinya 'yar shekara 19 mai suna Zalika Sule ta hau doki da wando da bindiga. Ana ƙirga ta cikin matan farko da suka ɗauki fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Ta fito a finafinan Umaru Ganda, ciki har da Wazzou, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972, karon farko da aka bayar da ita. A cikinsa kishiya ta fito, mai ƙulla wa amarya sharri. Mutanen gari ba su raba Zalika da matar da ta kwaikwaya ba, ta sha zagi a titi. Ta wakilci ƙasarta a bukukuwa a ƙasashen waje, amma da harkar fim ta durƙushe a Nijar a shekarun 1980, ita ma ta durƙushe tare da ita. Lokacin da Rahmatu Keita ta je ɗaukar tarihinta, a fim ɗin da ya fito a 2004, ta same ta da 'ya'yanta a wani ɗan gida ba famfo ba lantarki. Daga baya Zalika ta tafi Amurka aikatau. Ta rasu a Yamai a watan Yulin 2021. Allah ya jiƙanta.

Na daɗe a kan Zalika ne saboda abin da ya same ta shi ne ya sake samun namu, kusan ɗaya bayan ɗaya.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Matan farko yawanci daga ƙungiyoyin wasan daɓe da wasan kwaikwayon talabijin suka fito, kuma kusan kowacce sai da ta sha fama da gida kafin a bar ta. Hindatu Bashir, Halima Adamu Yahaya, Hauwa Ali Dodo (Biba), Hajara Usman, su ne suka share fagen. Zuwa 1999, shekarar da mujallar Fim ta fara fitowa kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood, kasuwa ta buɗe sosai. Sangaya ya ɗaga Fati Muhammad, Wasila ya ɗaga Wasila Isma'il, ga su Maijidda Abdulƙadir da Abida Muhammad da Balaraba Muhammad.

Ina so ku fahimci yadda kuɗin ke tafiya a wancan zamani, domin nan ne gizo ke saƙar. Furodusa ya gama fim, sai ya kai masta wurin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata. Shi abin da yake sayarwa kwali ne, wato gidan kaset ɗin da aka buga wa hoto. Dillali ya sayi kwalaye, ya kwafi fim ɗin a kan kaset ɗinsa, ya zura a ciki, ya ɗora a mota zuwa Haɗeja da Nguru da Gashuwa, har Damagaram da Maraɗi. Ribar furodusa yawan kwalin da ya shiga. Me ke sa kwali ya shiga? Ku tuna mai saye a kasuwar nan tamu. Ya ɗauki kwali ya juya shi, bai san labarin ba, bai san darakta ba. Fuskar da ke jiki yake dubawa. In ya ga Fati ko Biba ya zaro kuɗi. Ita kuwa mai fuskar an sallame ta tun a lokeshan, sau ɗaya, a hannu, galibi ba takarda ba shaida. Ko kwali dubu nawa aka buga bayan haka, ko kashi na biyu da na uku aka yanka daga aikin da ta yi a zama ɗaya, ba ta da sisi a ciki.

Ga kuma gajartar lokaci. Namiji ya yi aure ya ci gaba da fim har furfura. Mace kuwa al'adar masana'antar ita ce in ta yi aure ta ajiye. Fati Muhammad tana tsakiyar tashe ta yi aure ta bar fim. Da yawa sun yi haka, kuma aure alheri ne, ba mai musun wannan. Amma wadda auren bai ɗore ba, in ta dawo sai ta tarar an maye gurbinta da ƙanwar bayanta, jama'a kuma suna cewa ai daman 'yar fim ba ta zaman aure. Ba wanda ke tambayar irin kallon da dangin miji suka yi mata tun ranar da aka kai ta. Tashen jaruma bai fi 'yan shekaru ba, kuma a cikinsu ake so ta ci, ta yi sutura irin ta taurari, ta ɗauki nauyin gida, ta yi tanadin tsufa.

Wasu ma ba su kai ga tsufan ba. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003 a hatsarin mota a hanyar Kano zuwa Kaduna, ana kai ta ɗakin mijinta. Hauwa Ali Dodo, wadda duniya ta sani da Biba Problem, ta rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairun 2010. Biba ta iya wasa, jama'a. Tana iya sa ka dariya da harara kawai, ta juyo ta sa ka jin haushinta kamar ka shiga cikin talabijin. Irin wannan baiwa ba a makaranta ta koye ta ba, kuma har yau ban ga littafi guda da aka rubuta a kan salon wasanta ba.

Sai iyaye, waɗanda suka riƙe fitowar uwa da uwar miji da kishiya. Hauwa Maina, 'yar asalin Biu, ta rasu a 2018. Zainab Booth ta rasu a 2021. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta yi koyarwa kafin ta shiga fim, ta ƙware a fitowar muguwa har mutane suka ɗauka halinta ne, alhali waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da fara'a. Ta rasu ranar 9 ga Afrilun 2024, a ƙarshen watan azumi. A watan Fabrairun 2022 kuma Ladin Cima ta faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa sau da yawa sallamarta ba ta wuce naira 2,000 zuwa 5,000. Wasu furodusoshi sun fito sun ce sun biya ta fiye da haka, aka yi ta ka-ce-na-ce. Ni ba alƙalin wannan shari'a ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dattijuwar da ta shafe shekaru masu yawa tana wannan aiki ba ta da takarda ɗaya da za ta nuna, su ma masu musa mata ba su da ita.

Malamaina za su ce, ai a finafinan nan an yi abubuwan da ba su dace ba, rawa da waƙa da shigar da ta saɓa wa tarbiyya. Gaskiya ne an yi, kuma don haka aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Ina goyon bayan a tace. Amma mu yi adalci. Wanda ya rubuta labarin namiji ne, mai zuba kuɗi namiji, darakta namiji, ɗan kasuwar da ya ce ba zai karɓi fim ba sai da waƙa namiji, mu masu saye kuma mu muka nuna masa abin da muke so. In an tashi jifa, sai a jefi wadda ta fi kowa ƙarancin iko a cikin tafiyar. Addininmu ya hana ƙazafi, ya kuma yi umarni a biya ma'aikaci ladansa cikakke. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ware 'yar fim ba.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ba, kuma akwai inda aka yi maganinta. A Amurka, a da, kamfanoni kan ɗaure jaruma da kwantiragin shekara bakwai, in ta ƙi wata fitowa a dakatar da ita, a ƙara kwanakin dakatarwar a kan wa'adinta. Olivia de Havilland ta kai kamfanin Warner Bros. kotu, ta yi nasara a 1944, hukuncin ya 'yanta sauran abokan sana'arta. A 1960 kuma 'yan wasan ƙasar suka yi yajin aiki har suka samu kaso idan an sayar wa gidajen talabijin sababbin finafinai, tare da asusun fansho da na lafiya. Mu ma ba mu rasa madogara ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan wasansa. Ɗalibanmu masu karatun shari'a a nan Nguru, ga aiki. Yau tsofaffin finafinan nan suna yawo a YouTube, wasu na karɓar kuɗin talla a kansu, jarumar da ke ciki ko 'ya'yan da ta bari ba su san ma ana yi ba. Rubutacciyar yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya, mai bayyana nawa za a biya da kason da za a bayar in an sake sayar da fim, za ta kashe rabin wannan rigima. Ƙungiyoyin 'yan fim kuma su kafa asusun tsufa da jinya, a daina jira sai dattijuwa ta kwanta asibiti sannan a ɗauki hotonta ana neman taimako.

Abu na ƙarshe ya fi kusa da hannunmu. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, kun kuwa san zafin garin nan. Zaren ciki yana manne wa juna, hoto ya dusashe, murya ta shaƙe. Fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi aka nuna a Jamus a 2018. Wannan na gwamnati ne, ya samu masu nema. Ɗaruruwan finafinan bidiyo na shekarun 1990 ba su da mai nema, kuma mai yiwuwa kwafin ƙarshe na wasunsu yana cikin buhu a shagon wani tsohon mai hayar kaset a Nguru ko Gashuwa.

Don haka ina roƙon ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da na kwalejin ilimi da na kwalejinmu ta nan, masu neman abin rubuta kundi, ku bi waɗannan shaguna. Ku karɓo kaset da kwalinsa, ku rubuta sunan fim da kamfani da sunayen matan da ke jiki, a juye shi a kwamfuta. Ku nemi tsofaffin mujallu a gidajen yayyenku. Jaruman da ke raye kuma a je musu da ladabi, a gaishe su gaisuwar uwa, a tambaye su: Mama, yaya kika fara? Me aka ce a gida? Nawa aka ba ki a fim ɗinki na farko? Wace fitowa kika fi alfahari da ita? Kafin a ɗora hirar a intanet a nemi izininta a rubuce, kuma a kai mata kwafinta har gida.